Mamman Nasir, Lauya Kuma Galadiman Katsina

A zamanin En'e, in mutumin Gaya ko Ajingi ya yi rigimar gona ko ta gado, gaban alkali ya ke zuwa, ya gurfana ya faɗi maganarsa da bakinsa. In hukuncin bai gamshe shi ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Kano. Lauya ba shi da izinin tsayawa a wannan majalisa, jama'a kuwa ba su ɗauke shi komai ba sai mai gyara ƙarya don kuɗi.

Amma da mulkin kai ya matso, sai shugabannin Jihar Arewa suka ga lauyoyin ƙasar kusan duk Turawa ne da mutanen Kudu. Don haka Gwamnati ta zaɓi waɗansu samari ta aika su koyo. Cikinsu akwai Mamman Nasir, Bakatsine, wanda aka haifa a 1929. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna, sai da ya tsaya Ibadan ya koyi Latin tukuna, sa'an nan ya wuce Ingila. A 1956 aka ba shi aikin lauyan Gwamnati.

Ya komo a kan gaɓa. A 1958 aka kafa kwamitin masana a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alkalin Alkalan Sudan, don su duba shari'ar Arewa. Bisa shawararsu aka yi sabon kundin hukuncin laifuffuka, ya fara aiki a 1960. Watau alkalin da ya tashi kan Risala da Muhtasar, an bar masa aure da gado ya yanke da Malikiyya, amma sata da kisan kai sai ya buɗe littafin Gwamnati. Abin bai yi wa malamai da yawa daɗi ba, ba kuwa za a ga laifinsu ba. Har Zariya aka riƙa kai alkalai kwas.

Wannan kaya shi Mamman Nasir ya ɗauka da aka naɗa shi Ministan Shari'a a 1961, yana tsakanin Majalisar Dokoki ta Kaduna da fadojin sarakuna, har soja suka karɓi mulki a 1966.

A 1975 ya hau Kotun Ƙoli, daga 1978 kuma ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara har 1992. A shekarar nan Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadima, Hakimin Malumfashi. Ya rasu ran 13 ga Afrilu, 2019.