Tarihin Birkin Motocin Tsere: Daga Ganga Zuwa Faifai

Jama'a, tunda matasanmu suka faɗa son motocin gudu, hirar da ake yi a nan Facebook ba ta wuce ƙarfin inji: silinda nawa ne, doki nawa ne, daƙiƙa nawa take kai 100. Da wuya ka ji wanda ya tambayi birki. To ga ɗan tarihi, musamman ga masu shirin canza faifai da takalmin birki don su shiga filin tsere. Rubutun da tsawo kam, sai a yi haƙuri.

Aikin birki shi ne ya mayar da gudu zafi, shi ke nan. Mota mai nauyin kilo 1,500 in ta sauko daga kilomita 200 a awa zuwa 80, zafin da ta zuba wa birkinta ya isa ya tafasa ruwa wajen lita 6, cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ka ninka gudu sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. A titi sau ɗaya za ka yi irin wannan taka birkin, ƙarfe ya samu ya huce. A filin tsere kuwa kafin ya huce wata kwanar ta iso. Duk tarihin da zan kawo, faɗa ne da wannan zafin.

A 1902 wani injiniya a Birmingham ta Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birki mai faifai. A shekarar dai Louis Renault na Faransa ya fito da birki mai ganga, wanda takalman ke buɗewa daga ciki su matse jikin gangar. Na Lanchester bai karɓu ba. Tagulla ce ke gogar faifan, ƙara kamar ana wasa wuƙa, ga ƙurar hanyoyin lokacin tana cinye ta da wuri. Ganga kuwa a rufe take, kuma juyawarta na taimaka wa takalmin ya ƙara kamawa, direba bai sha wahalar takawa ba. Sai Herbert Frood, mai kamfanin Ferodo, ya kawo abin gogawa da ke jure zafi, daga baya birki mai aiki da mai ya shigo, wanda motar Duesenberg ta Amurka ta sa a ƙafa huɗu a farkon shekarun 1920. Ganga ta yi mulki kusan shekara 50.

Amma rufin da ya kare ta daga ƙura shi ne ciwonta. Zafi ba ya samun hanyar fita. In ganga ta yi zafi sai ta buɗe, ta yi nesa da takalmin, direba ya taka ya ji ƙafarsa na tafiya ƙasa, mota kuma ba ta da niyyar tsayawa. Duk direban babbar mota da ya taɓa gangaro Hawan Kibo da kaya ya san wannan, shi ya sa tsofaffin direbobi ke saukowa da ƙaramin giya, ba su dogara da birki kaɗai ba. Faifai a fili yake, iska na dukansa ta ko'ina, kuma in ya kumbura da zafi, wajen takalmin yake matsowa.

Jirgin sama ne ya farfaɗo da faifai. Lokacin yaƙin duniya na biyu jirage suka ƙara nauyi da gudun sauka, kamfanoni irin su Dunlop suka koma kansa. Bayan yaƙi Dunlop ta haɗa kai da Jaguar, aka ɗora shi a kan motar tsere C-Type. A 1952 Stirling Moss ya shiga tseren Mille Miglia na Italiya da ita, tare da mai gwajin motocin kamfanin, Norman Dewis, a gefensa. Ba su ƙarasa ba, amma a shekarar Moss ya ci tsere a Reims da wannan birkin.

Inda duniya ta farga shi ne Le Mans, 1953. Tsere ne na awa 24 a Faransa, kuma a lokacin akwai miƙaƙƙiyar hanya da ake kira Mulsanne, kusan kilomita 6 babu kwana, ƙarshenta kuma kwana ce mai tsanani. Ka duba fa: mota ta ƙure gudunta, sannan a ce ta sauko kamar mai shiga lungu, kuma a maimaita haka sau ɗaruruwa dare da rana. Ferrari ta zo da injin da ya fi na Jaguar girma nesa ba kusa ba. Amma masu ganga dole su fara taka birki tun daga nesa, su riƙa lallaɓa shi don ya kai su gobe. Direbobin Jaguar kuwa sai sun matso kusa suke takawa, kowane zagaye haka. Tony Rolt da Duncan Hamilton suka zo na ɗaya da matsakaicin gudun kilomita 170 a awa, karo na farko da wanda ya ci Le Mans ya haura mil 100 a awa. Jaguar ta ɗauki na ɗaya, na biyu da na huɗu. A ganina babu tseren da ya kai wannan nuna cewa mai iya tsayawa shi ke da ikon yin gudu.

Mercedes ba ta yarda nan take ba. A 1955 ta zo da 300 SLR, har yanzu da manyan ganguna, sai ta ƙara wata dabara: wani faffaɗan murfi a bayan direba da ke ɗagawa ya tare iska, don a rage wa gangunan aiki. Ranar 11 ga Yuni, Mike Hawthorn a Jaguar D-Type ya wuce Lance Macklin, sannan ya taka birki zai shiga wurin shan mai. Macklin ya kauce hagu. Pierre Levegh na tafe a Mercedes da gudun da ya haura kilomita 200, ya hau bayan motar Macklin, motarsa ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo. Shi da mutum fiye da 80 suka mutu. Har gobe ana gardamar laifin wane ne. Binciken hukuma bai ɗora wa direba ko ɗaya ba, ya fi nuna yatsa ga tsarin filin, wanda aka yi tun motoci ba su kai rabin wannan gudun ba. Mercedes ta bar tsere a ƙarshen shekarar, ƙasar Suwizalan kuma ta haramta tseren zagaye. Ni abin da nake ɗauka a nan, birki mai ƙarfi yana canza lissafin wanda ke bayanka, ba naka kaɗai ba.

Daga nan abu ya sauko titi. Citroën DS ta fito a 1955 da faifai a gaba, Triumph TR3 ta biyo a 1956.

Zafin dai bai tafi ko'ina ba. A 1966 Ford ta kawo GT40 mai injin lita 7, ga nauyi ga gudun da ya wuce kilomita 320 a Mulsanne. Faifan ya yi sanyi a doguwar hanya, a taka shi ya yi ja wur, ya sake hucewa, har ya tsage. Phil Remington, makanikin ƙungiyar Shelby, bai tsaya neman faifan da ba ya lalacewa ba. Ya tsara yadda za a cire mai zafin a sa sabo cikin ɗan lokaci, a tsakiyar tsere. Ford ta ɗauki na ɗaya, na biyu da na uku. Wanda ya kalli fim ɗin Ford v Ferrari zai tuna rigimar da aka yi kan wannan. Bayan shekara 10, a 1976, ƙungiyar Brabham ta shigo da birkin kabon cikin Formula 1, dabarar da ita ma daga jirgi aka aro, irin na Concorde. Faifan motocin Formula 1 na yau yana kai digiri 1,000.

To yanzu ga mai mota ta gudu da ke son kai ta fili. Babban faifai ba zai rage maka nisan tsayawa a taka ɗaya ba, matuƙar birkinka na asali na iya kulle taya. Wannan aikin taya ne. Abin da kake saye shi ne birki ya yi a zagaye na 10 abin da ya yi a na farko. Kuma wallahi abin da ya fi arha shi ya kamata a fara da shi, wato man birki. Ƙa'idar DOT 3 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 yana sabo, DOT 4 kuma 230. Amma man nan yana shan danshin iska, in ya tsufa sai su sauko wajen 140 da 155. Da ya tafasa sai kumfa, ka taka ka ji fanko. A kula, DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, kada lambar ta ruɗe ka da DOT 5.1.

Sai takalmi, wanda makanikai ke ce wa fad. Na tsere an yi shi ne ya kama in ya yi zafi. Da sanyin safiya a cikin gari wasunsu ba sa kamawa yadda ka saba, ga kuka, ga baƙar ƙura, ga cin faifai. Shi ya sa masu abin ke ajiye kashi biyu, na titi da na fili. Faifai mai huji-huji kuwa, wanda samari ke so saboda kyau a hoto, daga bakin hujin yake fara tsagewa in ya sha zafi. Mai santsi ko mai tsaga-tsaga, na ƙarfe mai kyau da iska ke ratsa tsakiyarsa, ya fi daɗewa, in da hali a jawo masa bututun iska daga gaban mota.

Sabon takalmi da sabon faifai sai an sasanta su tukuna: ka ɗauki gudu, ka taka da ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau da yawa, sannan ka yi tafiya su huce. Haka in ka gama zagayenka a fili, ka ƙara ɗaya a hankali. Da ka faka kuma kada ka ja birkin hannu ko ka bar ƙafa a kan birki, don takalmin zai bar shaidarsa a jikin faifai mai zafi, gobe ka ji sitiyari na rawa ka ce faifan ne ya lanƙwashe. Ka sa giya, ko ka sa wa taya dutse.