Tarihin Taliya a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi kudu, ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, zai tarar cewa taliya ta zama abincin kowa da kowa. Idan baƙo ya sauka ba zato, uwargida takan tafasa ruwa ta zuba taliya, kafin ta nuna ta soya nama da albasa da tattasai, ta yayyanka tumatir da kabeji, sa'an nan ta tsame taliyar ta gauraya su da ɗuminsu, ta barbaɗa yaji. Duk aikin ba ya wuce rabin sa'a. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa taliya tsohuwar cima ce a ƙasar Hausa, amma saurin nan da arahar da aka san ta da su a yau baƙi ne, kuma akwai abin da aka bayar kafin a same su.

Asalin alkama da sunan taliya

Alkama ba ta cikin hatsin da Bahaushe ya gada, kamar gero da dawa da maiwa. Sunanta ma ya isa shaida, domin daga Larabci aka aro shi, kamar yadda aka aro albasa da alkaki da gurasa. Lokacin da Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Takadda, a yammacin Azbin, cikin shekarar 1353, ya ambata cewa 'yar alkamar da ake samu a can fatake da baƙi ne ke cin ta. Wannan matsayi na abincin baƙi da masu hali shi ne alkama ta riƙe ƙarnuka da dama bayan ta iso ƙasar Hausa.

Game da kalmar taliya kuwa, ra'ayi biyu ne. Waɗansu suna danganta ta da Italiya saboda kusancin lafazi. Waɗansu kuma suna mayar da ita ga kalmar itriya, wadda Larabawa ke kiran busasshen zaren ƙullun alkama da ita tun da daɗewa, har ma Al-Idrisi, a littafin da ya kammala a 1154, ya bayyana wani gari a tsibirin Sisili inda ake yin ta ana kai wa ƙasashe a jiragen ruwa. Kowanne aka ɗauka, yatsa arewa yake nunawa, watau hanyar ayarin raƙuma ta Tarabulus da Gadamas da Agadas. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo kalmar a matsayin abincin da ake yi da garin alkama, kuma a lokacin ba a kafa ko injin niƙa fulawa ɗaya ba a Nijeriya.

Taliyar murji

A farkon ƙarni na 19 ƙasar Boɗinga ta zama cibiyar mulki da ilmi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa har zuwa 1815, lokacin da ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. To amma abincin jama'ar wannan yanki, malamai da almajirai da manoma da makiyaya, shi ne fura da nono da rana, tuwon dawa ko na gero da dare, sai shinkafa a wuraren da ke kusa da fadama.

Dalilin ƙarancin alkama a bayyane yake. Ba ta son zafi, saboda haka ba a shuka ta da damina. Sai hunturu ya kama ake shuka ta a fadama, a yi ta ban ruwa da jigo, guga bayan guga, har wata uku zuwa huɗu kafin a yanke. Manomi ɗaya ba ya iya shayar da babban fili ta wannan hanya, don haka kullum alkama ta fi gero tsada.

Bayan wahalar gona sai ta cikin gida. Mace za ta surfa alkama, ta wanke, ta shanya, ta niƙa a dutse, ta tankaɗe. Sa'an nan ta kwaɓa garin da ƙarfi, ta riƙa gutsurar ƙullun tana murzawa da tafin hannu har ya zama zare, ta shanya ya bushe. Abin da gida guda zai cinye a zama ɗaya yakan ci yinin mace cur. Shi ya sa taliya ta kasance tare da alkaki da finkaso cikin abincin sallah da biki da karrama babban baƙo. Mai da yaji kaɗai sun ishe ta ado, domin ita kanta ce abin marmarin.

Zuwan fulawa da inji

Abubuwa biyu suka karya wannan tsada. Na farko shi ne fulawa. Kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar ƙetare a Apapa cikin 1962, motoci suka riƙa kawo buhunanta arewa, fara tas, ba surfe ba niƙa. Na biyu shi ne ɗan injin taliya na juyawa da hannu. Da shi matan aure suka mayar da taliya sana'ar cikin gida: a murza, a rataya a igiya ta bushe, a dafa da manja da yaji, yara su kai talla. Daga baya taliyar leda ta kamfani ta zo ta rage ko da wannan aikin, Indomie kuma ta shigo ƙasar a ƙarshen shekarun 1980.

Sai dai alkamar da ta kawo wannan sauƙi ba ta fadamar Rima ba ce. A farkon shekarun 1980 Nijeriya tana sayo fiye da tan miliyan 1 a kowace shekara, mafi yawa daga Amurka. Ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, shi ne shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma a 1980 ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma domin ƙasar ta ciyar da kanta. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka gama a 1978, tana cikin wuraren da aka ɗora wa begen noman alkama. Rikicin diyyar gonaki ya jawo asarar rayukan manoma a can cikin 1980, alkamar kuma ba ta samu yadda aka zata ba. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ta janye hanin a 1992. Har yanzu mafi yawan alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje take zuwa, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, kwanon taliya a Boɗinga yakan ji a jikinsa.

Abin da ya rage na gida

Idan aka dubi kwanon da muka fara da shi, kusan kowane abu da hanyar da ya biyo. Barkono da tumatir da gyaɗa asalinsu nahiyar Amurka, manja daga kurmi, albasa daga arewa, kabeji da karas tsarabar zamanin Turawa. Nama kam na garken gida ne. Dabarar haɗin ita ma ta Bahaushiya ce, domin ita ce dabarar kwaɗo: a dafa zogale ko rama, a tsane ruwan, a gauraya da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono, a ci ba tare da miya ba. Matan yankin sun ɗora baƙon abu a kan tsohon gwaninta, shi ya sa taliya ta zauna a bakin jama'a ba gardama.

Kammalawa

Mun ga yadda taliya ta sauko daga akushin manya zuwa kwanon talaka, da yadda gumin mai jigo da na mai murji ya koma kan kuɗin da ake biya a ƙetare. Tsofaffin matan da suka iya murza taliya daga alkamar gida suna ƙarewa, tare da kalmomin aikin da suke bakinsu. Ya kamata masu nazarin harshe da al'ada su shiga Sifawa da Boɗinga da Shagari su rubuta abin da ke wurin waɗannan iyaye tun suna raye.