Makarantun agaji na koyon aikin otal a Kambodiya

Makarantun agaji na koyon aikin otal a Kambodiya cibiyoyi ne da ƙungiyoyi masu zaman kansu suka kafa domin koya wa 'ya'yan talakawa girki, hidimar masu cin abinci, tarbar baƙi da gyaran ɗakuna, akasari kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Mafi yawansu suna Siem Reap da Phnom Penh, babban birnin ƙasar, kuma kusan dukansu sun taso ne tsakanin tsakiyar shekarun 1990 da farkon shekarun 2010.

Tushen abin yana komawa ga mulkin Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979, wanda ya ci rayukan mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu. An rufe makarantu, an kwashe mutanen birane zuwa gonaki, malamai da masu sana'a da yawa sun halaka. Yaƙi ya ci gaba bayan faɗuwar gwamnatin, har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Paris a 1991. A 1992 UNESCO ta sanya wuraren ibada na Angkor cikin kayan tarihi na duniya, baƙi suka fara kwararowa. Waɗanda suka shiga ƙasar a 1993 ba su kai 120,000 ba. A 2019 sun haura miliyan shida da rabi. Otal-otal suka yi ta tashi a Siem Reap da ke dab da Angkor, amma lardin ya daɗe cikin jerin mafiya talauci a ƙasar. Ga aiki a bakin ƙofa, ga matasa a ƙauyuka, sai dai yaron da ya bar makaranta a aji shida, ba Turanci, bai taɓa shiga otal ba, babu manajan da zai ɗauke shi. Wannan giɓi ne makarantun suka zo cikewa.

A Phnom Penh aka fara, kuma ba da niyyar koyar da aikin otal ba. A 1994 wani Bafaranshe, Sébastien Marot, da abokansa suka soma kula da yaran da ke kwana a titi, aikin da ya zama ƙungiyar Mith Samlanh, daga baya kuma Friends-International. Ba a jima ba suka gane cewa ciyarwa kaɗai ba ta raba yaro da titi, sai da sana'a a hannu. A 2001 suka buɗe Friends the Restaurant, inda ɗalibai ke dafawa suna kai wa baƙi na gaske masu biyan kuɗi, ribar kuma ta koma cikin horon. Gidan cin abinci na Romdeng ya biyo baya da abincin gargajiya na Khmer, har da soyayyen gizo-gizon nan da 'yan yawon buɗe ido ke rububin ɗaukar hoto da shi. Tsarin ya tsallaka iyaka zuwa Laos da Habasha.

A ɗaya gefen birnin kuma, Christian da Marie-France des Pallières, mata da miji daga Faransa, sun ga yara suna tsintar abin sayarwa da na ci a babban jujin Stung Meanchey a 1995. Suka kafa Pour un Sourire d'Enfant, suka fara da abinci da karatun firamare. Da yaran suka girma sai tambayar aiki ta taso, aka ƙara sashen koyon sana'a da gidan cin abinci na horo mai suna Lotus Blanc.

Shekarar 2002 ce ta Siem Reap. Paul Dubrule, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin otal na Accor, ya buɗe makaranta mai sunansa. Ya ma taho bikin buɗewar a kan keke tun daga Fontainebleau ta Faransa, tafiyar sama da kilomita 15,000, yana da shekara sittin da ɗoriya. A shekarar ce kuma ƙungiyar Agir pour le Cambodge ta buɗe Sala Baï, wadda ita ce ta fi nuna yadda irin wannan makaranta take aiki. Ba a biyan ko sisi: makaranta ce ke ɗaukar nauyin abinci, masauki, kayan sawa da magani. Kafin a ɗauki ɗalibi, ma'aikata kan je har gidansu su ga halin iyayen da idonsu, don kada gurbin ya faɗa hannun mai hali. Kusan kashi 70 cikin ɗari na guraben na 'yan mata ne, da gangan, domin su ne ake fara cirewa daga makaranta idan gida ya ƙuntata, su ne kuma masu safarar mutane suka fi farauta. Horon na kimanin shekara guda ne, da watanni na sanin makamar aiki a manyan otal-otal na garin. Gajartarsa ba rowa ba ce. Iyalin da ke jiran abin da 'yarsu za ta kawo ba za su iya haƙurin shekara uku ba.

Bayan nan sai aka yi ta samun ƙari: makarantar otal ɗin Shinta Mani, ta limaman Don Bosco a Sihanoukville, EGBOK a 2009, da HAVEN a 2011, wadda wasu 'yan Suwizalan suka kafa saboda matasan da suka girma a gidajen marayu aka sallame su ba inda za su nufa. Wannan batu yana da ɗaci, domin bincike ya nuna kusan uku cikin huɗu na yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, kuɗin baƙi masu tausayi ne ya sa gidajen suka yawaita. Friends-International na cikin waɗanda suka yi gangamin hana mai da gidajen marayu wurin yawon buɗe ido.

Makarantun ba su tsira daga suka ba. Yawancin masu kafa su da masu ba da kuɗin 'yan waje ne, kuma akwai masu ganin cewa otal-otal masu riba suna samun ƙwararrun ma'aikata a ɓagas, alhali albashin farawa bai taka kara ya karya ba. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake ga yarinyar da zaɓinta shi ne masana'antar ɗinki ko ƙetarawa Tailan ba takarda, aikin otal mai damar ƙarin girma ba ƙaramin abu ba ne. Babban rauninsu dai annobar korona ce ta tona shi. Baƙi sun faɗo zuwa kimanin miliyan 1.3 a 2020, suka gaza 200,000 a 2021. Gidajen cin abinci na horo suka rasa masu ci, otal-otal suka daina karɓar ɗalibai, tsofaffin ɗalibai da yawa suka koma ƙauye. Wasu wuraren sun rufe, wasu suka rage guraben karatu ko suka koma hannun 'yan ƙasa. Sala Baï, makarantar Paul Dubrule da Pour un Sourire d'Enfant sun ci gaba da ɗaukar ɗalibai bayan an sake buɗe iyakoki a ƙarshen 2021.