Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin Sauya Rodi A Harsashin Gini

Kankare yana jure nauyin da ke danne shi, amma yana saurin tsagewa idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi. Wannan ne dalilin shimfiɗa rodi a cikin harsashin gini, domin ƙarfen ya ɗauki jan da kankaren ba zai iya ɗauka ba. Injiniya ne ke ƙayyade kaurin rodin da tazarar da ke tsakaninsu, bayan ya yi la'akari da nauyin ginin da ƙarfin ƙasar wurin.

A kasuwannin Najeriya an fi samun rodi mai kaurin milimita 8, 10, 12, 16, 20 da 25, galibi tsawon kowanne mita 12. Mai zane-zane a jiki ya fi mai santsi ƙarfi, kuma ya fi kama kankare, don haka ba a sanya mai santsi a gurbinsa.

Matsala takan taso ne idan kaurin da ke cikin zanen gini ya yi wuya ko ya yi tsada, sai magini ya ce rodi biyu masu milimita 8 za su maye gurbin ɗaya mai 16. Lissafin ba haka yake ba. Abin dubawa shi ne faɗin fuskar rodin idan aka yanke shi. Fuskar mai milimita 16 ta kai kusan murabba'in milimita 201, ta mai 8 kuwa 50 ce kacal, wato sai an haɗa huɗu. Haka nan idan zane ya ce a jera mai 16 guda biyar a kowace mita, wanda zai koma mai 12 sai ya jera kusan tara. Matse su da yawa kuma yana hana tsakuwa ratsawa, kankare ya bar ramuka. Saboda haka sauyin ba hurumin magini ko mai gida ba ne. Injiniya mai rajista da hukumar COREN ne zai sake lissafi ya amince.

Akwai kuma rodin da kaurinsa bai cika ba, wanda ido ba ya ganewa. Sikeli kan tona asirinsa: sanda ɗaya mai milimita 12 ta kan kai kusan kilo 10.7, mai 16 kuwa kusan kilo 19.

A lokacin zuba kankare, ana ɗaga rodin daga ƙasa a bar masa rufin kankare na kimanin milimita 50, don kada danshi ya kai gare shi ya yi tsatsa.