Hular Shaho da Sharaɗin Saki: Nazari kan Tsofaffin Hanyoyin Horar da Tsuntsayen Farauta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masu farauta da tsuntsu suka riƙa mallake idon shaho, tun daga ɗinke fatar ido har zuwa hular fata. An dogara da rubuce-rubucen Larabawa da na Turai daga ƙarni na 8 zuwa na 14, aka gwama su da hukuncin farauta na Malikiyya kamar yadda ake karanta shi a zaurukan Tudun Wada, Zariya. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, sharaɗin da fiƙihu ya gindaya, cewa maharbi ne zai saki dabbarsa, ba ya fahimtuwa sosai sai an san kayan aikin da ke ba shi wannan iko.

Gabatarwa

Ɗalibin da ya kai babin layya da yanka da farauta a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, zai tarar cewa abin da horarren kare ko horarren tsuntsu ya kashe halal ne, matuƙar mai shi ne ya sake shi. Tushen hukuncin aya ta 4 ce a Suratul Ma'ida. Rabinsa a fili yake ga Bazazzagi, domin yana ganin mafarauta da karnukansu idan rani ya yi. Ɗaya rabin kuwa a takarda ya tsaya. Maharbin ƙasar Hausa ya dogara ne da baka da kibiya, da tarko, da kare, da kan burtu da yake ɗaurawa a goshi ya sanɗi nama. Shaho da shirwa kuma abokan gabar mai kaji ne: a lungunan Tudun Wada, da zarar kaza ta yi kukan nan nata na ganin inuwa, sai uwargida ta taso da kwando ta kife 'yan tsaki. Saboda haka ake wuce wannan jimla ta Risala a gurguje, alhali sana'a ce guda a bayanta.

Ido da ɗinki

Shaho da ido yake rayuwa. Kowane idonsa yana da cibiyoyin kaifin gani biyu, ɗan Adam kuwa ɗaya gare shi. Abin da bai gani ba bai cika firgita shi ba, kuma idan duhu ya rufe shi sai ya natsu. Sabon kamu, in aka bar shi ido buɗe, zai yi ta fizga daga hannu yana rataya kai ƙasa har ya kakkarya gashin fiffike, wani ma ya ƙi abinci ya mutu.

Tsohon maganin wannan shi ne ɗinki. Ana fara zura tsuntsun cikin wani ƙyalle mai kafar fitar da kai, wanda ke matse fikafikai a jiki. Daga nan a soka siririyar allura da zare a gefen fatar ido ta ƙasa, a yi haka a ɗaya idon, a ja zaren biyu a ƙulle a bisa kai. Ta ƙasa ake sokawa don ita ce ke tasowa idan tsuntsun zai rufe ido. Bayan 'yan kwanaki, idan ya fara karɓar nama a hannu, ya saba da murya da taɓi, sai a sassauta ƙullin ya riƙa ganin sama kaɗan, kafin a zare gaba ɗaya, galibi da dare a ɗan hasken fitila. Akan haɗa da hana barci: a yi ta yawo da shi a hannu dare da rana, ana karɓeɓeniya, har gajiya ta rinjayi tsoro.

Larabawa sun daɗe da rubuta wannan ilimi. Algiɗrif ɗan Ƙudama Algassani, mai kula da tsuntsayen Halifa Hisham ɗan Abdulmalik, ya tattara littafi a kansa a zamanin Halifa Almahdi, wajen ƙarshen ƙarni na 8. Usama ɗan Munƙiz (1095–1188) ya ba da labarin farautar mahaifinsa a Shaizar cikin Kitabul I'itibar.

Hula

Shaida mafi ƙarfi kan asalin hula daga bakin Bature ta fito. Sarki Firedirik na Biyu (1194–1250), mai mulkin Sisili, wanda ya je Gabas a 1228 ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Alkamil na Masar a 1229, ya rubuta littafi kan farauta da tsuntsaye cikin shekarun 1240. A ciki ya amsa cewa hula ƙirƙirar mutanen Gabas ce, a wurin Larabawa ya gan ta, ya kai ta Turai. Bai yar da ɗinki ba, ya ci gaba da koyar da shi don kwanakin farko. Ke nan hula ba ta kori allura nan take ba. Tare suka yi zamani mai tsawo.

Duk da haka bambancinsu babba ne. Ɗinki rauni ne, yana iya ruruwa, kuma ranar da aka zare shi aikinsa ya ƙare. Hula kuwa ana sa ta a cire sau da yawa a yini har ƙarshen rayuwar tsuntsu. Ta Larabawa, wadda suke kira burƙa, daga fata guda mai laushi ake yanko ta, da kafar baki a gaba da tsirkiyoyi a baya. Ta Holan, wadda garin Valkenswaard da iyalan Mollen suka yi suna da ita, ƙyalle uku ce, ana jiƙa ta a ɗora kan ɗan gungumen itace mai siffar kan shaho har ta bushe, gefunanta su kumbura don kada fata ta goge ido. Da yake hannun hagu na ɗauke da tsuntsu, mai shi da haƙora yake kama tsirkiya ɗaya, ya ja ɗayar da hannun dama. Idan ta yi matsi ta ci gefen baki, idan ta yi sako-sako haske ya shiga, tsuntsu ya sa farce ya tuɓe ta. A nan ne gwanintar take. Ba aikin da zai gagari dukawan Zariya ba ne, masu ɗinka kube da layu da fatar akuya jemammiya da bagaruwa. Buƙatar ce ba ta taso ba.

Saki

Muhtasar na Halil, a ƙarni na 14, ya ƙara tsaurara sharaɗin: sakin ya kasance daga hannun maharbi, da niyya da bisimilla. Dabbar da ta zabura don kanta ta kashe, ba a cin abin da ta kashe. Kare ana iya tsawata masa ya dawo. Shaho kuwa idan ya riga ya ƙyalla ido ya ga tuje ya bar hannu, kira ba ya cika juyo da shi. To, ta yaya za a ce mai shi ne ya aike shi? Hula ce ke warware wannan a aikace. Maharbi ne ke fara ganin nama, ya zaɓi lokaci, ya ambaci sunan Allah, sannan ya zare hula. Ganin tsuntsun kansa da izininsa ya faru.

Sai dai kada a zarce da hujjar. Ayar da hukuncin ba su rataya kan hula ba, kuma bazi, tsuntsun da Risala ta ambata, mai gajeren fiffike ne da ake yawan ɗauka kai buɗe, musamman a Turai. A wurinsa, igiyoyin fata biyu da ke ɗaure a ƙafafu, waɗanda maharbi ke maƙalewa tsakanin yatsu, su ke yin wannan aiki. Ko ya ga nama ya yunƙura, ba ya tashi sai an buɗe yatsu.