Reza, Fitila da Inuwa: Abin da Gwajin Foucault Ba Ya Gani

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, mai goge madubin na'urar hangen taurari kusan a makance yake aiki. William Herschel a Ingila sai ya goge madubinsa na ƙarfe, ya ɗora a na'ura, ya duba tauraro, in hoton bai fito ba ya sauke ya koma guga. Ya san akwai aibi, amma da wuya ya gane inda yake.

A 1858 Léon Foucault ya kawo mafita a Faris, kuma kayan aikin za su ba ka mamaki: ɗan ƙaramin haske da bakin wuƙa. Ka haska madubin, ka yanke hasken da ya dawo da reza, ka sa ido a bayanta. In fuskar madubin ɓangaren ƙwallo ce daidai, za ta dushe gaba ɗaya a lokaci guda. In akwai tudu ko kwari, inuwa za ta tona shi. Wannan gwaji ne Russell Porter da Albert Ingalls suka yaɗa a Amurka ta littafin Amateur Telescope Making na 1926, har mutane suka riƙa goge madubi a ɗakunan gidajensu.

To ga inda gizo ke saƙar. Siffar ƙwallo gwajin ya iya tabbatarwa kai tsaye, alhali madubin hangen taurari siffar farabola yake buƙata. A madubi mai faɗin santimita 15 da ke tara haske a nisan santimita 120, bambancin siffofin biyu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Don ka auna shi, sai ka rufe madubin da kwali mai tagogi, irin wanda André Couder ya tsara, ka riƙa matsar da rezar har tagogi biyu su yi duhu ɗaya. Tafiyar rezar duka, daga tsakiya zuwa gefe, milimita 2.3 ce kacal. Kuma wa ke yanke hukuncin cewa duhun ya yi daidai? Idonka, bayan ya gaji, a ɗakin da zafin jikinka ma ke motsa iska. In madubin ya fi zurfi, kuskuren ya fi yawa.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Tagogin a layi ɗaya suke, daga hagu zuwa dama. Madubin da ya lanƙwasa kamar cokali, wani ɓari ya fi wani, yana iya cin jarrabawar nan lafiya lau, sai ka fita da dare ka ga tauraro ya miƙe kamar ƙwai.

Gwajin Vasco Ronchi na 1923 ya maye gurbin reza da siraran layuka. Ya fi sauƙin kallo, yana kuma nuna gefen da aka cinye da guga. Amma a ganina ya fi yaudara, don layukan kan yi kyau a ido ko da lanƙwasar ba ta cika ba.

A shekarun 1970 Karl-Ludwig Bath a Jamus ya ƙirƙiro na'ura mai arha da ke auna duk fuskar madubi ta hanyar haɗuwar igiyoyin haske, yau kuma kwamfuta ke yin lissafin. Ita ma da nata: madubin da aka jingina a tsaye nauyinsa kan ɗan tanƙwara shi, don haka sai an juya shi an sake aunawa sau da yawa kafin a raba laifin gilashi da na abin da ya riƙe shi.