Ra'ayin Siyasa da Hanyoyin Shiga Harkokin Mulki

Ba a haihuwar mutum da ra'ayin siyasa. Yakan fara samunsa ne a gida, daga abin da ya ji iyaye da dattawa suna faɗa, sannan makaranta da masallaci ko coci da kasuwa da majalisar hira su ƙara masa. A Arewacin Nijeriya akwai gidajen da suka gaji aƙidarsu tun zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da abokiyar hamayyarta NPC. Rediyo ma ya daɗe yana wannan aiki a karkara, musamman tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957. A yau wayar salula ta shigo, tare da labaran da ba duka ne ke da tushe ba, don haka wajibi ne a bincika magana kafin a yaɗa ta.

Sai dai ra'ayi ba ya amfanar da mai shi idan bai yi aiki da shi ba. Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 damar yin rajista da jefa ƙuri'a. Hukumar INEC ce ke yin rajistar masu zaɓe da bayar da katin zaɓe, ita ce kuma ke gudanar da zaɓen shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisu. Zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli kuwa, aikin hukumar zaɓe ta jiha ne.

Wannan dama ba a sauƙaƙe aka same ta ba. Matan Arewa ba su fara jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. Duk da haka, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Shiga siyasa bai tsaya ga ranar zaɓe ba. Ɗan ƙasa na iya shiga jam'iyya a mazaɓarsa, ko ya kai koken jama'a ga kansila game da rijiya ko asibiti ko taki, ko ya tsaya takara. Tun 2018, mai shekara 25 na iya neman kujerar majalisar dokokin jiha ko ta wakilai. Haka nan jama'a na da ikon yi wa ɗan majalisa kiranye, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu a takardar koke, sannan aka tabbatar da hakan ta ƙuri'ar raba gardama.

Ana jan hankalin hakimai da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi da su wayar da kan jama'a ba tare da nuna ɓangaranci ba. Saye da sayar da ƙuri'a laifi ne a doka, kuma wanda ya sayar da tasa ya rasa bakin tambayar wakilinsa har tsawon shekara huɗu.